Kare Mai Cizo: A Haramta Jinsinsa ko a Tuhumi Mai Shi?

Karnukan da ake gani a unguwar Turaki da maƙwabtanta na tsakiyar Jalingo, irin su Sintali da Barade da Majidadi, ba iri ɗaya ba ne, aikinsu ma ya bambanta. Akwai karen gargajiya, siriri mai gajeren gashi da tsayayyun kunnuwa, wanda mafarauta ke shiga daji da shi da rani, makiyaya kuma ke ajiyewa a ruga don ya yi haushi idan ɓarawon shanu ya matso. Akwai ɗan'uwansa na cikin gari, wanda yake da gida amma ba a tsare shi a gidan. Da rana ya laɓe a inuwa, da dare ya bi juji da bayan mahauta da wuraren masu tsire. Sai kuma baƙin karnuka manya: Alsashiyan, wanda jama'a ke kira karen 'yan sanda, da Rotwaila, dukansu 'yan asalin Jamus, da Bowabul na Afirka ta Kudu, da Kokeshiyan mai tulin gashi wanda ya fito daga ƙasashen duwatsu masu sanyi. Tun da Jalingo ta zama babban birnin Jihar Taraba a ranar 27 ga Agusta, 1991, garin yake cika yana batsewa, gida na jingine da gida. Tsoron fashi da garkuwa da mutane kuma ya sa masu hali da yawa sun ga katanga da maigadi ba su isa ba, sai an haɗa da ƙaton kare.

Duk ranar da ɗaya daga cikin waɗannan manyan karnuka ya kuɓuce ya yayyaga yaro, a Jalingo ne ko a wani gari, maganar da ake ji a majalisa da tasha ɗaya ce: gwamnati ta haramta irin wannan kare baki ɗaya. Wanda ya taɓa ganin abin da haƙoran Rotwaila ke yi wa fuskar ƙaramin yaro ba zai zargi masu wannan kira ba. Sai dai ƙasashe da dama sun riga sun bi wannan hanya, sun daɗe a kanta, kuma abin da suka tarar a ƙarshenta a rubuce yake.

Birtaniya ce misalin da aka fi sani. A 1991, bayan wasu munanan hare-hare da jaridu suka yayata, majalisar ƙasar ta yi gaggawar zartar da Dokar Karnuka Masu Haɗari. Ta haramta iri huɗu: Fitbul, da Tosa na Japan, da Dogo na Ajantina, da Fila na Brazil. An ƙwace karnuka, an kashe da yawa, an kai masu su kotu. Amma adadin manyan mutanen da ake kwantarwa a asibitocin Ingila saboda cizon kare ya ninka fiye da sau biyu tsakanin 1998 da 2018. Masu son kare mai ban tsoro kuwa ba su daina so ba. Sun koma ga wasu jinsunan da doka ba ta ambata ba, irin wanda ake kira XL Bully, wanda ya kashe mutane da dama, shi ma aka haramta shi a farkon 2024. Ƙasar Holan ta haramta Fitbul a 1993, ta soke haramcin a 2008 da ta ga cizo bai ragu ba. Italiya ta yi dogon jerin karnuka masu haɗari, ta ajiye jerin a 2009, ta mayar da alhakin kan mai kare ko wane iri ne. Birnin Denba na Amurka ya riƙe haramcinsa tun 1989, har mazauna birnin suka kaɗa ƙuri'ar sassauta shi a Nuwamban 2020.

Matsala ta farko ita ce gane jinsin. A Birtaniya, inda ake da takardun asalin karnuka da ƙwararrun jami'ai, abin ya kai sai an auna kare da tef, a duba faɗin kai da ƙirji da tsayin ƙafa, sannan a yanke masa hukunci bisa kamanninsa ko da bai taɓa yi wa kowa gurnani ba. A Jalingo abin zai fi haka wuya. Akasarin manyan karnukan da ake sayarwa a bakin titi ko ta WhatsApp ruwa biyu ne, wasu ma ruwa uku. Mai sayarwa yana rantsuwa cewa tsantsa ne don ya ƙara kuɗi, kuma ranar da doka ta haramta jinsin zai rantse cewa gauraye ne. Jami'in da aka tura ya rarrabe ba shi da ma'auni sai idonsa, kuma dokar da ta dogara da idon jami'i kaɗai ƙofar cin hanci take buɗewa.

Matsala ta biyu ta fi zurfi. Jinsi yana faɗin girman kare da ƙarfinsa, amma kaɗan yake faɗa game da halinsa. Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2022, wanda ya tattara bayanan karnuka fiye da 18,000 ya kuma duba ƙwayoyin halittar fiye da 2,000, ya gano cewa jinsi yana bayyana kusan kashi 9 cikin 100 ne kawai na bambancin hali tsakanin wannan kare da wancan. Kafin shi, a 2013, mujallar ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta buga nazarin mutuwar mutum 256 da karnuka suka kashe a ƙasar daga 2000 zuwa 2009. A kashi 87 cikin 100 babu wani babba mai ƙarfi a wurin da zai kawo ɗauki. A kashi 84 ba a fiɗiye karen ba. A kashi 76 karen ba ya cuɗanya da mutanen gidan, an keɓe shi a ɗaure ko a kulle. Jinsin karen kuwa, a ƙasa da kashi 18 ne aka iya tabbatar da shi.

Wannan adadi na karen da aka keɓe shi ne ya fi shafar Jalingo, domin haka ake renon karen gadi a gidaje da yawa. A sayo kwikwiyo, a jefa shi kejin ƙarfe mai rufin kwano, a hana kowa zuwa kusa da shi sai mai ba shi abinci, wai don kada ya saba da mutane. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Jalingo ke kusantar digiri 40, Kokeshiyan da aka halicce shi don ƙanƙara yana kwance cikin wannan keji yana haki, wani lokaci ko ruwa babu. Wasu har barkono suke zuba masa a abinci, ko su riƙa dukan kejin da sanda don ya ƙara zafi. Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa daga mako na 3 zuwa kamar mako na 12 na rayuwarsa ne kwikwiyo ke koyon wane ne abin tsoro, wane ne ba abin tsoro ba. Wanda ya wuce wannan lokaci bai ga yaro yana gudu ba, bai ji ƙarar babur ba, bai ga mace da tulu ko almajiri da kwano ba, zai girma yana ɗaukar kowa abokin gaba. Irin wannan kare ba ya bambance ɓarawo da ɗan maƙwabci da ya shigo ɗaukar ƙwallo, sau da yawa ma 'ya'yan gidan yake fara kamawa. Zalunci ne ga dabbar, ganganci ne kuma da rayukan mutane. Idan aka haramta Bowabul aka bar mai gidan da kejinsa, gobe zai sa wani karen a ciki ya mayar da shi haka. An bar jaki ana dukan taiki ke nan.

Akwai gaskiyar da masu neman haramci ke riƙe da ita, kuma ba daidai ba ne a kau da kai daga gare ta. Karen da ya kai kilo 60 idan ya kama mutum, ɓarnarsa ba ɗaya take da ta karen farauta mai kilo 15 ba. Abin da wannan ke nufi shi ne a ɗora wa mai babban kare sharuɗɗa masu nauyi gwargwadon ƙarfin dabbarsa: katanga mai tsayi, ƙofa mai sakata biyu, takunkumi da igiya duk lokacin da za a fita da shi, kuma babban mutum ne zai riƙe igiyar. Ana iya rubuta sharuɗɗan bisa nauyin kare da tarihin halinsa, ba sai an ambaci sunan jinsi ba. Birnin Kalgari na Kanada ya yi suna da irin wannan tsari: rajista ga kowane kare, tara mai zafi ga mai sakaci, koyar da yaran makaranta, ba tare da haramta wani jinsi ba.

Duk wannan muhawara kuma tana ɗauke hankali daga abin da ya fi kashe mutane a nan. A ƙasashen Turai ana tsoron rauni ne. A Najeriya ana tsoron rauni da abin da ke biyo bayansa, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe kusan mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan huɗu cikin kowane goma yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan duk waɗanda suka kamu, daga kare suka samu. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabbar. Tana shiga ta cizo ko yagushi, ko lasar wani tsohon ciwo, ta bi jijiya a hankali har ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta nuna, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci har shekara. Da zarar alamu sun bayyana, wato zazzaɓi da firgita da dalalar yawu da tsoron ruwa, kusan babu mai tashi. A ƙauyuka sau da yawa akan ce iska ce ko sammu, a binne mamaci ba tare da wani ya tuna da ɗan cizon da ya warke tun watanni biyu baya ba.

Ƙwayar wannan cuta ba ruwanta da jinsi. Ƙaramin kwikwiyon gargajiya da yara ke wasa da shi a lungu yana iya ɗauke da ita, kuma karnukan da ke yawo sakaka ba rigakafi su ne suka fi yaɗa ta. Safarar karnuka ma tana taimaka mata. Kasuwar Dawaki da ke Ƙaramar Hukumar Kanke a Jihar Filato, wadda ta yi suna da cinikin karnuka, tana karɓar dabbobi daga jihohin Arewa da yawa, kuma masu bincike a Najeriya sun sha samun alamar ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar karnukan da aka yanka alhali a ido lafiyarsu ƙalau. Haramcin jinsi ba ya taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan. Yana ma iya ƙara dagula lamarin, domin wanda ke tsoron a ƙwace masa kare ba zai kai shi asibitin dabbobi a yi masa allura ba. Ko ya ɓoye shi, ko ya kai shi bayan gari ya sake.

Bi-ta-da-ƙulli da guba ko bindiga, wanda akan yi idan mahaukacin kare ya tayar da hankalin unguwa, shi ma bai taɓa kawar da cutar ba. An gwada a tsibirin Bali na Indonesiya bayan ɓarkewar 2008, aka kashe karnuka masu ɗimbin yawa, cutar ta ci gaba da yaɗuwa, sai da aka koma allurar gama-gari a 2010 ta fara lafawa. Dalilin a fili yake. Muddin juji da sharar mahauta suna nan, wasu karnukan za su cike gurbin waɗanda aka kashe, kuma gubar ba ta tsallake karen da aka riga aka yi wa rigakafi, balle kaji da awaki. Abin da ke aiki shi ne a yi wa aƙalla kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, a kuma maimaita duk shekara. Birnin Njamena na Cadi ya yi haka a 2012 da 2013, ya kai wannan adadi, cutar ta ɗauke a cikin karnukan birnin na tsawon lokaci, har sai da aka shigo da ita daga waje. Meziko ta dage da wannan hanya shekara da shekaru, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da haukan kare da mutum ke ɗauka daga kare. Najeriya ba ta rasa kayan aiki ba. Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924, tana yin allurar karnuka, tana kuma gwada ƙwaƙwalwar dabbar da ake zargi. Ƙasashen duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da ake son mutuwar mutane daga wannan cuta ta ƙare, kuma kowace 28 ga Satumba ake ranar yaƙi da ita, ranar da Louis Pasteur, Bafaranshen da ya fara yi wa mutum allurarta a 1885, ya rasu.

Ɗora alhaki a kan mai dabba ba baƙon tunani ba ne ga mutanen Jalingo, Musulminsu da Kiristansu. Fiƙihun Malikiyya ya halatta riƙe kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Risala, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta taƙaita ajiye shi a cikin gidaje, amma masu sharhinta sun kawo labarin cewa marubucinta, Ibnu Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare da katangar gidansa ta faɗi a lokacin tsoro, ya kuma kafa hujja da sauyin zamani. Muhtasar na Shehu Halil kuma ya ɗora alhaki a kan wanda ya riƙe kare mai cizo bayan an riga an gargaɗe shi. A Littafin Fitowa, babi na 21, an bambanta tsakanin san da ya soki mutum ba zato, da san da aka san yana suka, aka faɗa wa mai shi, ya ƙi tsare shi. A na biyun laifin yana kan mai san. Dokar kotunan zamani da aka gada daga Ingila ita ma tana tambayar ko mai dabbar ya san halinta. Tun farkon shekarun 1940 kuma akwai dokar karnuka a ƙasar nan da ta tanadi lasisi da lambar wuya da kama karen da ke yawo, a zamanin da duba-gari ke shiga gida-gida. Dokokin suna nan a takarda. Bin su ne aka daina.

Abin da ake nema daga mai kare ba shi da yawa, amma kullum ne. Kwikwiyo ya sami allurar haukan kare yana ɗan wata uku, a sabunta ta kowace shekara, a adana katin da likitan dabbobi ya sa wa hannu. A ba shi abinci da ruwa da inuwa, a cire masa kaska, a yi masa maganin tsutsa da ƙazuwa, domin dabba mai ciwo saurin fushi gare ta. Wanda ba kiwo yake yi don sayarwa ba, ya sa likita ya fiɗiye namiji ko ya tsayar wa karya haihuwa, hakan yana rage yawo da faɗa da tarin 'yan kwikwiyon da ake zubarwa a kwata. A bar kare ya motsa jiki a tsakar gida, ya san mutanen gidan da baƙin da aka yi wa iso. Kare mai hankali da ya san na gida ya fi gadi, domin haushinsa yana da ma'ana. Sakin kare a titi da dare kuwa, da sunan yana gadin layi, shi ne ke jefa masu fita sallar Asuba da masu sammakon coci da 'yan acaɓa cikin haɗari. Wanda ba shi da fili ko lokaci ko kuɗin ciyar da ƙaton kare, bai kamata ya saya ba tun farko.

A unguwa irin Turaki, inda mai unguwa ya san kowane gida, rajistar karnuka ba ta buƙatar kwamfuta. Littafi ɗaya ya isa: sunan mai gida, yawan karnukansa, ranar allura ta ƙarshe. Idan ƙaramar hukuma da ma'aikatan dabbobi na jiha suka sa rana ɗaya a shekara suka kafa rumfa a ƙofar mai unguwa, limamai da fastoci suka yi shela, shugabannin mafarauta suka kawo nasu, kashi 70 ɗin nan ba gagara zai yi ba. Karen da ya taɓa kai hari a rubuta shi, a gargaɗi mai shi a gaban shaidu. Idan ya sake, a ci shi tara, ya biya kuɗin magani gaba ɗaya, a kuma iya hana shi riƙe kare. Karen da likita ya tabbatar ba zai gyaru ba a kashe shi ba tare da azabtarwa ba, ko wane jinsi ne.

Yara su ne suka fi shan cizo, kuma a fuska da wuya yake samunsu saboda gajartarsu. Ana koya musu kada su jefi kare, kada su taɓa wanda ke cin abinci ko barci ko karya mai shayarwa. Idan baƙon kare ya nufo su kada su ruga, su tsaya cak, hannuwa a jiki, kada su zuba masa ido. Wanda ya faɗi ya dunƙule ya rufe wuya da fuska. Ba a barin ƙaramin yaro shi kaɗai da kare, ko da na gidan ne. Kuma dole yaro ya san ba za a doke shi ba idan ya faɗi cewa kare ya yagushe shi, domin tsoron bulala ya sa yara da yawa sun ɓoye ciwon da ya zama ajalinsu.

Idan cizo ya auku, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa har tsawon minti 15, a shafa aidin ko sifirit, kada a ɗaure ciwon tamau. Ƙona gashin karen a barbaɗa, ko shafa barkono da toka da man birki, ba ya kashe ƙwayar cutar, ɓata lokaci kawai yake yi. A wuce asibiti a ranar, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Jalingo ko asibiti mafi kusa, a fara allura. Ana yin ta a ranar farko, da rana ta 3, da ta 7, sauran kuma yadda likita ya tsara, kuma tilas a kammala. Raunin da ya yi zurfi, ko wanda ke kai da wuya da yatsu, yana buƙatar ƙarin wata allura da ake yi a cikin ciwon kansa. Karen da ya yi cizon, idan yana da mai shi kuma ana iya tsare shi ba tare da haɗari ba, a kulle shi kwana 10 ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, a duba katinsa, amma ba a jiran kwanakin su cika kafin a fara yi wa mutum allura. Idan ya mutu ko an riga an kashe shi, kada a feɗe shi, kada a sayar, kada a taɓa yawunsa da hannu. A kira ma'aikatan dabbobi su ɗauki kan a aika Vom don gwaji, sannan a nemo duk mutum da dabbar da ya ciza ko ya lasa a kwanakin.